Kaset ɗin Iya Saude

A kasuwar Roni suka fara haɗuwa, ranar da rakodar Rahamatu ta mutu tana tsakiyar hira da wata mai tallan nono. Daminar 1976 ce. Saura mata shekara guda ta gama jami'a a Zariya, inda take nazarin al'adun ɗan Adam, abin da innarta ke kira karatun tsegumi. Aikin da aka ba ta a hutun shi ne ta tattaro salsalar gidajen masu sana'a.

Wani dogon saurayi da ke duba bakin saniya ya kwance tocilarsa, ya zazzago batir ya miƙa mata.

"Ga shi, Malama Tambaya. In kin gama da masu nono, mu ma mahauta muna da baki."

"Kai ne mahauci da farar riga haka?"

"Malamin dabbobi ne ni, sunana Lauwali. Babana ne Sarkin Fawa. Ni ina hana su mutuwa, shi yana jiran in gama."

Ta yi dariya har ta manta tambayar da za ta yi.

Kafin a yanke gero magana ta yi nisa. Da ta koma makaranta wasiƙunsa suka bi ta. Akwai wadda ta haddace:

"Malama Tambayata, tun da kika tafi babu mai tambayata ko na ci abinci. Duwatsun Roni suna nan, ni ne dai na rame. Naki, Lauwali."

Amma da magabatansa suka je Kazaure neman aurenta, ko tabarma ba a shimfiɗa musu ba. Mahaifinta, Alhaji Haladu Na'Allah, magatakarda ne a ofishin En'e, kuma yana da wani Mamuda a zuciya, ɗan abokinsa, ɗan kwangila mai sabuwar mota Fijo.

"Ba zan yi miki dole ba," ya ce da ita. "Amma jinin Na'Allah ba zai tashi a gidan da ake shanya fata ba. Mu muna da asali."

Lauwali ya ji labarin Fijo ɗin, ya daina rubutu. Wata uku Rahamatu tana leƙa akwatin wasiƙu. Daga ƙarshe ta aika masa da layi biyu:

"Ban shiga motar kowa ba. In ka gaji da ni ka faɗa da bakinka, kada ka bar wa shiru."

Ya zo Zariya a kan babur, jikinsa duk laka. Suka zauna a gindin darbejiya, ba su da wata dabara.

Ana cewa asali a jini yake. A bakin tsofaffi yake, su kuwa tsofaffi suna zaɓen abin da za su tuna. Da hutun ƙarshe ta koma Roni ta ƙarasa aikinta, gida ɗaya ya rage mata, na Sarkin Fawa. Kakar Lauwali, Iya Saude, ita ma 'yar mahauta ce, ta makance amma kanta garau. Ta jero 'yan uwanta ɗaya bayan ɗaya, Rahamatu tana zanawa a takarda.

"Sai autanmu, Na'Allah. Shekarar yunwa Baba ya kai shi Kazaure gidan wani hakimi, don ya samu abin sawa a baki. Can ya koyi rubutu, ya zama mutum, bai ƙara waiwayarmu ba. Ya haifi ɗa, Haladu. Sau ɗaya na taɓa shafa kansa."

Alƙalamin ya tsaya. Kaset ɗin ya ci gaba da juyawa.

"Kada ki kai wa babanki," in ji Lauwali da suka fito. "Gara in rasa ki da a tsiraita dattijo."

"Kai ka iya rasa ni. Ni ban iya ba."

A aji an koya mata cewa abin da mutum ya faɗa wa mai bincike amana ne. Ba a koya mata yadda ake yi ba in amanar ta zama ita ce kaɗai mafita. Kwana tara tana juya abin. Ran na goma, bayan la'asar, ta durƙusa a turakar mahaifinta ta kunna rakoda.

Bai motsa ba har muryar ta ƙare.

"Gwaggona ce," ya ce. "Na sani tun ina ɗan shekara bakwai. Na taɓa wuce ta a kasuwa na kau da kai."

"Baba, ni dai..."

"Wannan zai shiga littafin da za a ajiye a jami'a?"

"A'a, Baba. Wallahi ba don haka na kawo ba."

"To don me?"

Ta san don me ta kawo. Ya dube ta tsawon lokaci.

"Ashe jinin bai ɓace ba. Kin san inda ake sa wuƙa. Ki ce su turo."

Ta cire gidan Sarkin Fawa daga kundinta. Malaminta ya ce aikin yana da rami a tsakiya, ta fita da sakamako mai rauni. Ba wannan ya dame ta ba. Tun daga ranar Alhaji ya daina kiranta Uwata. In ta gaishe shi ya amsa, idonsa na kan carbi.

Saura sati biyu biki Iya Saude ta rasu. Alhaji bai je ta'aziyya ba.

Aka ɗaura aure a Kazaure, jama'a na raɗa cewa boko ya sa magatakarda ya ba mahauta 'ya. Da yamma aka kawo amarya ta yi sallama da mahaifinta, Lauwali na durƙushe a bakin ƙofa. Alhaji ya yi nasihar da aka saba, gajeriya. Har an kama ta za ta tashi sai ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Lauwali."

"Na'am, ranka ya daɗe."

"A ina aka sa ta?"

"Bayan dutse, kusa da mahaifinta."

"In hanya ta bushe ka zo ka kai ni. Mu biyu."

Sannan ya ɗora hannu a kan mayafin Rahamatu. Bai ɗaga mayafin ya ga fuskarta ba.

"Allah Ya yi muku albarka. Allah Ya ba ku 'ya'yan da za su san ku a kasuwa."

Duk ɗakin aka ce amin. Ita kuka ya hana ta.