Sifirin Mai Laushi

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai, uwarsa ta haifi wani!"

Oga ne ke ihu, bindiga a hannun dama, hagu dafe da ƙugu. Hantsi ya dubi ludayi. Tsohon mai gadin rumbun batiran sola ya zube a siminti, rungume da butarsa. Dogo ya tasa ma'aikata huɗu gaba suna loda batir a bayan mota.

Bakanike, ƙanin Dogo, yana kan sitiyari yana cizon yatsa. Duk batirin da aka dire, sai ya ji gindin motar ya ƙara nutsewa.

Ya faɗa fa! Shekaranjiya ya tsaya da Oga gaban motoci biyu na sata a bayan gareji.

"Oga, leƙa ƙarƙashi. Wannan sifirinta na faranti ne, ƙarfe kan ƙarfe. Kamar jaki take, ko dutse ka ɗora mata sai ta kai. In faranti ɗaya ya karye, mu ɗaure da igiya mu wuce. Waccan kuwa mai naɗi ce, irin na cikin katifa. Ga daɗin zama, amma ba ta son kaya."

"Mai farantin nan jijjiga gare ta. Ƙuguna fa?"

"Ƙugu za mu ɗauko ko batir?"

Mari Bakanike ya sha, aka ɗauki mai laushin. Wanda bai ji bari ba, ai ya ji hoho.

"Ya isa haka!" in ji Bakanike ta taga.

"Ƙara goma!" in ji Oga.

Suna ficewa mai gadi ya rarrafa ya ɗauki waya ya kira 'yan sanda. Kafin ɓarayin su bar kwalta, Sufeto da mutanensa sun haye tsohuwar a-kori-kurarsu.

Hanyar daji. Rami, dutse, rami. Bodin motar ya zauna daram kan aksul, ƙarfen da ke riƙe da tayoyi — ƙwam! ƙwam!

"Taka ta mana!"

"In na taka, sifirin zai tafi! A zubar da batir goma, Oga, don Allah!"

Jiniya daga nesa. Oga ya waiwaya ya dubi batiran. Ya dubi Dogo da ke zaune a kansu.

"Tsaya. Dogo, sauka ka duba mana tayar baya."

Ƙafar Dogo na taɓa ƙasa, bakin bindiga ya taɓa kunnen Bakanike.

"Ja mu tafi."

"Yayana ne fa!"

"An rage nauyi. Ba haka ka ce ba? Ja!"

Ya ja, hawaye na zuba. A madubi ya ga Dogo yana bin su da gudu, bindigarsa a hannu. Ya ga a-kori-kura ta ɓullo. Tau! Tau! Dogo ya kife cikin ƙura.

Abin takaici, Dogo da duk tsawonsa bai kai nauyin batir biyu ba. A kwazazzabo na gaba — tas! Sifirin hagu ya tsinke, bodi ya danne taya, mota ta durƙusa. Oga ya diro zai gudu. Taku uku, ƙugun ya riƙe.

"Hannu sama!"

Sufeto ya sa aka kwashe batiran kaf aka loda a tsohuwar motarsu. Aka ɗora gawar Dogo, aka jefa Oga da Bakanike da ankwa, 'yan sanda biyar suka haye. Motar ko gezau. Ta haura kwazazzabon tana jijjiga su kamar tsaba a faifai.

"Wayyo ƙuguna!" Oga ke kuka. "Yallaɓai, a yi a hankali!"

Bakanike ya sa gwiwa ya tokare kan yayansa don ya daina bugun ƙarfe. Ya saurari kukan da ke tashi daga ƙarƙashin motar. Ya san shi sarai.

"Oga, ka ji ta ko?" ya ce. "Faranti ne."