Jan Dutsen Gidan Sitti Dalal

Gwaggona Barakatu ce ta fara gaya mini, tun muna Mai Wurno a Sudan, cewa duk wani babban dutse mai daraja yana da mai shi a ƙarƙashin ƙasa. Sarki ya ɗora a kambinsa, mai shi yana biye. Na ɗauka zancen tsofaffi ne. Yanzu ni ce tsohuwar, sai ku saurara, jikokina.

Shekara goma sha ɗaya ina aiki a gidan Sitti Dalal a unguwar Ammariyya, can ƙasa mai tsarki. Saura kwana uku bikin jikarta Joud, dab da magariba, ta miƙo mini mabuɗi.

"Yalla, maza ya Rahma, sarƙar nan mai jan yaƙutu tana ɗakin ajiya. Ki ɗauko kawai ki fito."

Kowa a gidan ya san tarihin dutsen. Wai daga kambin wani sarki na ƙasar Indiya aka ɓamɓaro shi bayan mulkinsa ya faɗi, matarsa ta zo hajji ta sayar wa kakan Sitti. Kafin ya kai ga sarkin kuma, maza bakwai rami ya rufta da su wajen haƙo shi.

Ɗakin ba taga. Ina buɗe akwatin sarƙar wari ya buge ni, irin na rijiyar da ta daɗe a rufe. To ni a Sudan na tashi, ba ma kai wa amarya abu yana wari. Na ɗebo garwashi a kasko, na zuba turaren wuta, na riƙe sarƙar a kan hayaƙin. Wallahi ko tunawa ban yi ba cewa da hayaƙi ake kiran mutanen ɓoye.

Ƙofa ta rufe. A hankali, kamar mai ladabi ne ya ja ta.

Fitila ta mutu. Sai jan garwashi, sai jan dutsen.

Na laluba ƙofa. Babu ƙofa. Ƙasa ce, ɗanya, mai sanyi.

Sai na ji sara. Ƙaf. Ƙaf. Diga ce a cikin bango, da nishin maza da suka gaji. Yashi yana zubo mini a ɗankwali.

Na miƙa hannu dama, bango. Hagu, bango. Ɗakin da ke cin tabarma uku!

Na buɗe baki in ja Ayatul Kursiyyu, ƙasa ta cika mini harshe.

Wani ya raɗa mini a kunne, "Ƙara hayaƙin, baiwar Allah. Mun kusa fitowa."

Rufin ya taɓa kaina. Na durƙusa. Ya biyo ni.

Ba ruwa a kusa. Na kifa tafin hannuna a kan garwashin, na danne. Na ji ƙaurin namana. Ban ɗaga ba sai da ya mutu murus.

Saran ya tsaya. Can nesa na jiyo ladan.

Ƙofa ta buɗe, ga Sitti Dalal da sandarta. Ta dubi kaskon, ta dubi hannuna.

"Turare kika yi masa? Ya miskina! Shekara sittin hayaƙi bai shiga ɗakin nan ba."

"Ai da kin faɗa, ya Sitti."

"Wa ke faɗin irin wannan da baki? Halas, ya wuce, zo a sa miki magani."

Na ce ba inda zan je sai ta rantse ba za a rataya wa yarinya wannan abu a wuya ba. Ta rantse.

Washegari da safe, hannuna a naɗe, na sa kakanku Malam Salihu ya kwance ƙyauren ɗakinmu a unguwar Nuzla, don kada wata ƙofa ta ƙara rufe ni. Ya yi ta faɗa, wai me maƙwabta za su ce. Na rataya labule, na ce su ce.