Zanen Tabawa a Marina

A can wani zamani an yi wata masaƙiya mai suna Tabawa. Shekara guda ta yi tana kaɗi da saƙa, har ta gama farin zane domin mahaifiyarta. Ta kai wa wani tsohon marini, ta ce, "Malam, shuɗi nake so."

Tsoho ya tsoma zanen a ramin da ya jiƙa ganyen baba da toka. Da ya tsamo shi, sai ga shi kore kamar gansakuka! Zagi ya zo wa Tabawa har baki, amma ta haɗiye.

Tsoho ya ce, "Kwantar da hankalinki, 'yata. Toka ta yi nata, baba ya yi nasa. Saura iska ta yi nata."

Ya baza zanen. Tabawa na kallo, koren ya soma juyewa, sannu sannu har ya zama shuɗi mai kyau.

"Iska ce ke juya baban da ya shiga zare," in ji tsoho. "Yanzu ya kama, wanki ba zai fitar da shi ba."

Tabawa ta durƙusa ta ce, "Malam, Allah ya saka da alheri."

A hanya ta yi ta hamdala, tana cewa, "Da na zagi tsohon nan, da wane ido zan dube shi?"