Ƙoƙon Kan da Efren Ya Sayar

Da almuru abin ya fara, bayan kwale-kwalen masu nutso sun gama dawowa garin Coron da ke bakin teku. Perlita na soya busasshen kifi, mijinta Efren na wanke tukwanen iskar da masu nutso ke shaƙa a tsakar gida, sai wani abu ya faɗo kan rufin kwano. Can sai wani ya sake faɗowa. Da Efren ya ɗauka ya duba, gutsuren murjani ne, irin dutsen nan da ke tsirowa a ƙarƙashin teku, jiƙe, da tsatsa a jikinsa, alhali gidan a kan tudu yake, nesa da teku. Ya san inda irin wannan murjanin yake fitowa.

Shekara ashirin Efren na kai baƙi ƙarƙashin ruwa su ga jiragen ruwan Japan da suka nutse tun zamanin yaƙin duniya na biyu. A ɗakin injin ɗaya daga cikinsu ya tsinci ƙoƙon kan wani ma'aikacin jirgin. Duk mai nutso a garin ya san ƙa'ida: abin da ke jirgi, a jirgi ake barinsa. Shi kuwa gogan ya ɓoye shi cikin wani bututu, yana zaro shi baƙi su ɗauki hoto, har tabarau yake sa masa don a yi dariya. Bana wani baƙo ya taya, ya sallama masa. Ni dai ban taɓa ganin mai wayon banza irin Efren ba.

Kwana uku ana jifan. A na huɗu 'yarsu Dalisay, mai shekara goma sha biyar, ta ajiye cokali tana tsakiyar cin shinkafa, ta fara haki kamar wadda iska ta ƙare wa a ƙarƙashin ruwa. Ruwan gishiri ya riƙa zubo mata ta hanci. Asibiti suka ce ba su ga komai ba. Kullum rana ta faɗi sai abin ya dawo, yarinya ta rame, gidan ya cika da ƙarnin teku.

Perlita ce ta ɗauko Kaka Ambo, tsohon mai magani mai ɗan littafin addu'o'i. Ya kunna kyandir, ya ɗiga narkakkensa a kwanon ruwa, ya daɗe yana kallon abin da ya daskare. Sannan ya dubi Efren, Efren ya dubi ƙasa. Tsohon ya kama babban yatsan yarinyar ya matse, ya tambayi wanda ke ciki abin da yake so.

Muryar da ta fito ta namiji ce, a shaƙe.

"Kaina."

Kaka Ambo ya yi tayin farar kaza, ya yi tayin shinkafa da giya a zuba a kan jirgin. Muryar ta ƙi. Da aka matsa wa Efren, ya faɗi gaskiya: kan ya tafi ƙasar da ko sunanta bai riƙe ba.

"To, a cike gurbin," in ji muryar. "Kai, mai tabarau. Kai ko ita?"

Perlita ta zube tana cewa a ɗauke ta. Ko kallonta ba a yi ba. Kaka Ambo ya ja Efren gefe ya gargaɗe shi ya auna bakinsa, domin yarinyar na ciki, tana jin komai. Muryar ta sake tambaya. Ta yi ta uku. Kyandir ya kusa ƙarewa kafin Efren ya buɗe baki.

"Ina da sauran yara uku. Wa zai ciyar da su?"

Sai dariya, doguwa, daga bakin 'yarsa.

"Me zan yi da yarinya? Na bar maka ita. Shekara nawa ana zuwa kallona? Yanzu kai ma ka ji yadda yake."

Dalisay ta amayar da ruwa kusan rabin bokiti, numfashinta ya daidaita. Ta buɗe ido, Efren ya miƙa hannu yana kiran sunanta. Ba ta kama ba.

Jifa bai sake faɗowa gidan ba. Dalisay ta warke sarai, tana dariya da uwarta da ƙannenta, tana zuwa makaranta. Amma kalmar Baba ba ta ƙara fita daga bakinta ba. Kullum da almuru ita ce ke zuba masa shinkafa, ta ajiye a gabansa, ta ja kujera ta zauna, tana kallonsa har ya cinye.