Awakin da Suka San Hanyar Gida

Gathogo ya koro awakin sadaki zuwa gidan su Wangechi, sanye da takalmin gwamnati.

Wangechi ta leƙo daga bayan rumbu. Ta ga awakin, ta ga takalmin.

Ta daɗe tana jiran wannan rana, har jiran ya zame mata ciwo.

Iyayen Gathogo a gonar Bature suka yi zama, sai ranar da ya ce awakin baƙar fata na cinye wa shanunsa ciyawa. Ya sa aka sayar da su, ya kori masu su. Yaron ya dawo tudunmu ba shi da ko ɗan akuya. Tsoho Muriuki, uban Wangechi, ya faɗa masa magana ɗaya: babu awaki, babu mata.

A shekarar ne samarinmu suka fara rantsuwa a ɓoye cewa sai ƙasa ta dawo hannun masu ita. Wasu sun shiga daji. Duk ƙauyen da ya ƙi tona asirin masu rantsuwa, sai gwamnati ta kwashe masa dabbobi. Gathogo bai shiga daji ba, ya zama dogarin hakimi.

Da ya tare Wangechi a bakin rafi, ya ce don ita ya yi.

"Hasken idona, rantsuwa ba ta haihuwar akuya."

Ta ce ya bar ta, itacen da ke bayanta ya yi nauyi. Amma ta bari ya ɗaukar mata har bakin shinge.

Yau ga shi dattawa sun zauna. Aka zuba giyar zuma a ƙaho. A wurinmu yarinya ce take fara kurɓa ta miƙa wa ubanta, shi ne amincewarta. Aka kira Wangechi, aka ba ta ƙahon.

Daidai nan aka kwance awakin don a shigar da su garke.

Ba su shiga ba.

Wata tsohuwar akuya mai karyayyen ƙaho ta juya, ta bi gangare, sauran suka bi ta a jere. Babu wadda ta tsaya cin ciyawa. Hanyar ƙetaren rafi suka nufa, ƙauyen da aka kwashe wa dabbobi kwanan baya, inda aka haifi uwar Wangechi, inda kuma kawun yarinyar yake zaune.

Kowa ya gani. Uwar ta rufe fuska da gefen zane.

Kawun Gathogo ya yi dariya, ya ce akuya ba ta da hankali, a je a taro su.

"Ta fi wasu hankali," in ji wata tsohuwa daga bayan ɗaki.

Wangechi ta dubi Gathogo.

"Awakin kawuna ne?"

"Gwamnati ce ta yi gwanjonsu. Saya na yi."

"Wa ya koro su daga garkensa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wangechi... da ban je ba, wani ne zai je. Na gaji da ganinki daga nesa. Wace hanya aka bar mini?"

Ta san gaskiya ya faɗa, ta kuma san har gobe tana sonsa. Ta dubi ƙahon da ke hannunta.

Tsoho Muriuki ya ce shi ya nemi awaki, an kuma kawo. Ya ce zamani ya lalace, gidan da ke da dogari shi ne ba a ƙonawa. Muryarsa a gajiye take, bai kalli matarsa ba.

"Kurɓi ki ba ni, 'yata. Mu huta."

Can ƙasa awakin sun fara tsallaka rafi.

Wangechi ta durƙusa, ta jingina ƙahon a gaban Gathogo, a hankali, yadda ba zai zube ba.

"Baba, ba zan sha ba."