Ƙirjin da Ya Ƙi Amsawa

"Inna, don girman Allah kada a sake kiran wanzamin nan!" in ji Shafa'atu, tana durƙushe a tsakar gida, hawaye shaɓe-shaɓe.

Inna Mero, uwar mijinta, ta ci gaba da tankaɗe ko ɗagowa ba ta yi ba. "Mugun jini ne ya taru mashi. Da ƙaho anka yi ma ubanshi magani, ke za ki koya mani rainon ɗana?"

Daga ɗaki tarin mijinta Almu ya sake sarƙewa. Wata biyu ke nan yana wannan tarin, tun da ya daina iya sauka ramin farar ƙasa inda yake haƙa a bayan Yargoje. Sau uku ana kafa masa ƙaho a baya, kullum sai ƙara ramewa yake.

Shafa'atu ta faɗa ɗakin. Yana jingine da bango, domin in ya kwanta numfashi gagararsa yake. Ta ɗage masa riga. Abin da ta gani ya tsinka mata zuciya: in ya ja numfashi, ɓarin hagu na ƙirjinsa ne kaɗai ke ɗagawa, na dama kuwa shiru.

Ita 'yar Malam Nata'ala ce, tsohon malamin asibiti a Kankara, ta kuwa tashi tana kallon hannunsa. Ta shimfiɗa tafinta a bayan Almu, ta ƙwanƙwasa ɗan yatsanta na tsakiya. Hagu ya amsa kamar tulun da ba kowa ciki. Dama ya yi dum, kamar tulun da aka cika.

"Likita, mi kika ji?" Almu ya yi ƙarfin halin tsokanarta.

"Ban da wasa! Wannan emajensi ce. Wurin Baba za ni."

Ya riƙo hannunta. "Kada ki tahi. Ya rantse, ke ma kin sani."

Ta sani. Malam Nata'ala ya so ta karanci aikin jinya, ita kuwa ta ce Almu take so. Ya ɗaura auren, amma ya rantse ƙafarsa ba za ta taka gidan mahaƙin ƙasa ba. Shekara guda ke nan, kuma tsohon akwai kafiya. Ta zare hannunta, ta zari hijabi, ta hau acaɓa.

Ta sami mahaifinta a zaure yana sauraren rediyo. Ta zube.

"Baba, Almu zai mutu!"

"Asibiti na nan, ba a rufe ba," ya ce, idonsa a kan rediyo.

"Inna ta hana. Ta ce wanda anka kai asibiti da tari, gawarshi ake maidowa. Maganar babba kaɗai za ta ji. Baba, ni na ɓata maka, ni za ka hukunta!"

Ta share hawaye, ta canza murya.

"Ɓarin dama ba ya motsi. Na ƙwanƙwasa, tun daga ƙasan allon kafaɗa bai amsa ba. Yana zufa har ta jiƙa tabarma, leɓenshi ya fara duhu."

Tsohon ya kashe rediyo. "Wa ya koya maki ƙwanƙwasa ƙirji?"

"Kai, Baba."

Ya ture rediyon gefe. Sannan ya miƙe. "Ɗauko mani jakata."

Da suka isa, sai ga wata sabuwa. Almu na jin sallamar surukinsa ya ja bargo har wuya, ya sunkuyar da kai. Yaya za a yi ya tuɓe riga gaban uban matarsa? Inna Mero ma ta tare ƙofa.

"Malam, ina aka taɓa haka? Suruki ya ga tsiraicin suruki?"

"Hajiya, kunya za ki binne ko ɗanki?"

Ta matsa gefe.

Malam Nata'ala ya cire hularsa ya ajiye, ya saƙala abin sauraren ƙirji a kunne. "Surukinka na cikin hular nan. Ni malamin asibiti ne. Tuɓe!"

Almu ya tuɓe. Tsohon ya ga shaidar ƙaho jere a bayansa, ya girgiza kai. Ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya sa shi ya ja numfashi, ya sake saurarawa. Ya taɓa maƙogwaronsa ya ji ya karkace hagu.

"Ruwa ne ya taru ya danne huhun dama. Ƙaho ba ya kaiwa can, Hajiya. In ya ƙara kwana biyu a ɗakin nan..." Bai ƙarasa ba. Inna Mero ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka.

"Ku tahi da shi! Na yarda, ku tahi da shi!"

A asibiti aka zuƙe ruwan da ya kusa cika kwalba biyu. Gwaji ya nuna tarin fuka ne, ƙurar rami ta share masa hanya. Wata shida Shafa'atu na ba shi ƙwaya kowace safiya, ba fashi. Inna Mero da kanta take tsayawa ta ga ya haɗiye.

Ranar da aka ce ya warke, suka je wurin Malam Nata'ala godiya. Suka tarar ana raba tuwo ga miskinai goma a ƙofar gida.

"Baba, sadakar mi ake yi?"

"Kaffarar rantsuwata ce. Da na riƙe ta, da yanzu takaba kike." Ya miƙo mata wata takarda. "Fom ɗin makarantar jinya ne. Amma yanzu izinin ba nawa ba ne."

Almu ya amshi takardar da hannu biyu, kansa a ƙasa. "Baba, ni zan kai ta da kaina."

Shafa'atu ta rufe fuska tana kuka, wannan karon na daɗi. Ashe haƙuri ba zama ba ne a zuba wa ciwo ido. Kunya ado ce, girman kai kuma kaya ne, amma duk wanda ya kai ga rai, a sauke shi.