Ramin da Aka Haƙa a Tudun Jema

Ku matso kusa, yara, ku ji abin da ya sami wani yaro a wani ƙauye kusa da Sifawa, tun zamanin Turawa.

A lokacin nan an fitar da hanyar mota daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga. Baƙi suka yi ta zuwa, har gari ya cika. Sai mai gari ya ba mutane fili a bayan gari su gina sababbin gidaje. Amma ya ce kada kowa ya taɓa dogon tudun da ke gabas da filin, wanda ciyawar jema ta lulluɓe.

Lawali, mahaifin yaron, ya sami fili. Ya fara da ɗakin tsohuwarsa Inno, domin ɗakinta na dā ya tsage, ga damina ta matso. Aikin yaron shi ne ɗebo ƙasar gini a kan jaki, daga wani kududdufi mai nisa.

Wata rana ya gaji. Ya ce, "Baba, ga jar ƙasa nan kusa ga tudu. Don mi nika zuwa nesa?"

"Mai gari ya hana."

"Don mi ya hana?"

"Kai dai kama jakinka, rana na yi."

Yaron ya je wurin kakarsa. "Inno, aljannu ne ga tudun nan?"

Inno ta yi dariya. "Ina aljannu, angona! Tudun nan ya girmi kakanka. Ba a yi wa dattijo aski da fartanya."

Bai gane ba. Washegari a makarantar allo ya tambayi Malam Abdulƙadir. Malam ya ce, "Wani abu ana cin amfaninshi in an ɗauka. Wani kuwa sai an bar shi."

Kan yaron ya ƙara ɗaurewa. Yaya za a ci amfanin abin da aka bari? Ana son gidaje, ga ƙasa, an ce kada a ɗiba. Babu aljannu, babu mai shi. To, mene ne?

Sai ya zagaya bayan tudun, inda ba mai ganinsa. Ya tumɓuke jema, ya haƙa ƙasa mai laushi, ya cika mangala. Nan da nan ya dawo.

Babansa ya ce, "A'a! Yau jakin ga fiffike ya yi?"

Inno ta dama masa fura. Yaron yana sha yana tunani. In laifi ya yi, me ya sa kowa ke murna? Ya ci gaba da haƙa kullum, har ramin ya kusa raba tudun biyu. Bangon ɗakin Inno kuwa ya kai kafaɗar mutum.

Ran nan bayan azahar hadari ya taso. Aka yi ruwan fari kamar da bakin ƙwarya. Ruwan gonakin gabas ya gangaro. Ashe a dā tudun ne ke tare shi, ya karkatar da shi zuwa fadama. Yau ya sami ƙofa. Ya fasa ramin, ya kwararo cikin sababbin gidaje.

Yaron yana tsaye yana kallo, bangon ɗakin Inno ya jiƙe, ya zube. Tubalan maƙwabta suka narke.

Da ruwa ya ɗauke, mai gari da magidanta suka bi sawun ruwan har tudu. Lawali ya ɗauki jemar da aka tumɓuke. "Wa ya yi wanga aiki?"

Yaron ya durƙusa yana kuka. "Ni ne, Baba. Na tambayi kowa, ban gane ba."

Mai gari ya ce, "Tashi, yaro. Dubi saiwar nan." Ya nuna masa saiwar jema, doguwa, a sarƙe kamar raga. "Ita ka riƙe tudu, tudu ka riƙe ruwa. Ka yi laifi da ka taɓa abin da anka hana. Mu ma mun yi, da munka hana ba mu faɗi dalili ba."

"Ranka shi daɗe, mu za mu gyara," in ji Lawali.

Allah ya sa ruwa ya ɗan tsagaita. Yaron ya yi ta jigilar duwatsu ana cike ramin. Shi da kansa ya sake dasa jema a kai. Ya kuma ɗebo wa maƙwabta ƙasa daga kududdufi, har hannunsa ya yi kanta.

Inno tana tsokanarsa. "Ina aka taɓa ganin angon da ya rushe ɗakin amarya?"

Kafin damina ta kankama aka rufe ɗakin, Inno ta tare. Da aka yi babban ruwa, yaron ya leƙa daga bakin ƙofarta. Ya ga ruwa ya bugi tudu, ya juya ya nufi fadama. Ko ɗigo bai shigo ba. Ya yi tsalle don murna.

To, yara, gari yana bukatar gidaje, yana kuma bukatar wuraren da za a bari yadda Allah ya yi su. In an hana ku taɓa wani wuri, kada ku taɓa don ba ku gane ba. Ku ci gaba da tambaya cikin ladabi har ku gane.